Zanen Alli a Jikin Sandar Baba

Ni mace ce mai son abu babba, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. In zan sayi tukunya, wadda za ta ci mudu biyar nake ɗauka ko da mu huɗu ne a gidan. In na ba da ɗinki, sai hannun rigar ya kusa share ƙasa. Ƙannena sun ce laifin zama 'yar fari ne, ga kuma shekarun da na yi ina shugabantar wata makarantar firamare a Tarauni, inda in na ce a yi, yi ake yi. Na faɗi wannan tun da wuri ne don a san irin idon da na tafi da shi ranar da muka je zaɓar wa mahaifina kwale-kwale.

E, kwale-kwale, a Gyaɗi-Gyaɗi, unguwar da babban ruwanta shi ne na kwata ranar da sama ta yi da gaske.

Baba tela ne. Ya fi shekara arba'in yana taka keke a wani ɗan shago kusa da Titin Gidan Zu, har ido ya fara gajiya, ya bar wa yaransa shagon ya dawo da keke ɗaya cikin zaure yana rage zaman banza. Inna kuwa ba 'yar Kano ba ce. A bakin Kogin Kwara aka haife ta, can wajen Yawuri, kuma mahaifinta mai fito ne, yana tsallakar da mutane da kayansu daga wannan gaɓa zuwa waccan. Ta ce kafin ta iya daka ta iya riƙe filafilin tuƙa jirgi. Aure ya kawo ta birni, iyayenta suka rasu, ƙauyen ya yi nisa, ta shekara talatin da wani abu ba ta sa ƙafa a jirgin ruwa ba.

Sai ciwon gwiwa ya zo. Da farko biki ta daina zuwa in gidan mai bene ne. Daga nan ta daina zuwa kasuwa. Daga nan aka saya mata kujerar katako mai hannu, a kai take sallah, a kai take cin abinci, a kai take mulkin gidan gaba ɗaya. Duk shekara duniyarta tana ƙara tsukewa, muna kallo, ba mu da yadda za mu yi. Wata rana da damina na je gaishe su, ruwa ya tsare ni. Aka ja mata kujerar zuwa bakin zaure tana kallon yadda ruwa ke gudu a lungu yana jan leda da bawon rake. Can sai ta ce, ba da kowa take ba, "Ko sau ɗaya ne, in sake jin ruwa yana ɗauke da ni kafin ƙafafun nan su zaunar da ni gaba ɗaya."

Baba yana bayanta yana ɗinki. Keken ya tsaya, sannan ya ci gaba.

Bayan babbar sallah ni da ƙannena muka haɗa hannu za mu yi wa Baba wani abu na jin daɗi, tunda bai taɓa roƙon mu komai ba. Mun zaci zai ce a gyara rufin gida, ko a sake mai da shi Umara. Ni aka tura in tambaye shi. Da yake ni ce ta fari, Baba ba ya kiran sunana, ba ya ma cika kallona in yana magana. Ya ci gaba da zura zare a allura ya ce, "Ke, in da hali, kwale-kwale mai inji nake so. Zan riƙa zuwa dam ɗin Tiga kamun kifi."

Mutumin da ko ƙayar kifi sai Inna ta cire masa. Na gane, ƙannena suka gane, Inna ma da ke tsakar gida tana tsince shinkafa na tabbata ta gane, don ta sunkuyar da kai ta ce wai tsakuwa ta yi yawa a shinkafar bana. Amma ba wanda ya ce uffan. Dattijo irin Baba ba zai buɗe baki a gaban 'ya'yansa ya ce yana son faranta wa matarsa rai ba. An ce kamun kifi, to kamun kifi ne. Muka bar kaza cikin gashinta.

Labari ya fita unguwa tun kafin mu ga jirgi. Tsofaffin majalisar Baba, masu zama a benci gindin darbejiya bayan la'asar, suka naɗa shi Sarkin Ruwan Gyaɗi-Gyaɗi ba tare da rawani ba. In ya fito sai su ce, "Ranka ya daɗe, yaya kogi?" Shi kuma ya amsa, "Kogi ya yi lafiya, ku dai ku iya bakinku, kujerun ba su da yawa." Na daɗe ban ga Baba cikin nishaɗi irin na wannan lokacin ba.

Wani dillalin motoci ne a kan Titin Zariya yake da jiragen, guda biyu, an kawo masa su daga Legas tare da motoci, sun yi watanni a filinsa suna shan rana ba mai taya su. Muka tafi ni da Baba da maƙwabciyarmu, wadda duk layin ke kira Mama. Kirista ce daga can kudu inda ruwa ya fi ƙasa yawa, tana da shagon kayan masarufi a jikin gidanmu tun ina makarantar sakandare. Ita ce ƙawar hirar Inna, kuma rabin hirarsu ta kogi ce. Da ta ji inda za mu, ta ja ƙofar shago ta ce, "Ku Kanawa za ku je sayen jirgi ku kaɗai? Za a sayar muku da bahon wanka."

Ina shiga filin idona ya faɗa kan babban. Fari ne tas da layi shuɗi, yana da rumfa, yana da sitiyari kamar mota, kujerunsa masu laushi, zai ɗauki mutum tara ba a matse ba. A take na gama tsara komai a raina: Inna a inuwar rumfa kamar matar gwamna, jikoki a gaba, kulolin abinci a baya, ni kuma ina ɗaukar hoton da zai zaga dangi. Ƙaramin yana gefe, an sauke shi a ƙasa kan tsofaffin tayoyi. Launin toka ne, gindinsa a shimfiɗe, benci biyu na katako, ɗan inji a baya mai hannu ɗaya, da filafili guda a kwance a ciki. Mutum huɗu zai ɗauka. Ko kallo na biyu ban yi masa ba.

Dillalin ya karanta fuskata, don aikinsa ke nan. "Hajiya, ai kin ga naku. Wannan ko iska ta taso ba ya rawa. Tsohuwa za ta zauna kamar a falonta."

Mama ta zaga babban, ta ƙwanƙwasa jikinsa, ta leƙa ƙarƙashinsa, ta taɓe baki. Ta koma kan ƙaramin ta ja igiyar inji, ya tashi a ja na biyu, ta kashe. Ta ce da ni, "Wancan yana son ruwa mai zurfi da wurin tsayawa na katako. Inda za ku, gaɓa ce kawai da yashi. Wannan kuwa har kan yashi zai hau." Na ce mata ai ba tsere za mu yi ba, lafiyar Inna muke dubawa, kuma babba ya fi zama daram. Ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Ba girin-girin ba dai, ta yi mai."

Baba ya matso da sandarsa a hannu. Ya je jikin babban, ya kafa sandar a ƙasa a gindin jirgin ta tsaya a jikinsa, ya kalla, ya ɗauke. Ya je jikin ƙaramin ya yi haka nan. Na lura akwai wani ɗan zanen farin alli a jikin sandar, irin allin da yake zana yadi da shi, amma ban kawo komai a raina ba. Tela ne, komai nasa da alli. Da muka shiga adaidaita sahu za mu koma, ya ce yana kallon titi, "Ƙaramin ya yi."

Raina ya ɓaci, ba zan yi ƙarya ba. Na ɗauka tausayin aljihunmu yake ji, irin na iyayen da ba sa son ɗora wa 'ya'ya nauyi. Na ce, "Baba, mu muka ce za mu yi, kuma ba mu ce mun gaza ba." Ya ce, "Na sani." Na ce, "To me ya sa?" Ya ce, "Ya yi ne kawai." Shi ke nan abin da na samu daga bakinsa har muka iso gida.

A nan halina na shugabar makaranta ya motsa. Na buga wa ƙannena waya ɗaya bayan ɗaya, na kwatanta musu rumfa da sitiyari, kowa ya ce, "Yaya, yadda kika gani." Na kira dillali na ce ya wanke babban. Sannan na shirya abin da na ɗauka dabara ce: zan kai Inna ta gani da idonta, in ta yaba, Baba ba shi da ta cewa.

Ranar Asabar da hantsi na zo da mota har bakin lungu. Muka taka da Inna a hankali, hannunta a kafaɗata. Baba ya ga muna fita, ya tambayi ina za mu, na faɗa masa. Sai ya ɗauki hularsa da sandarsa ya biyo mu.

An wanke jirgin yana ƙyalli. Inna ta tsaya a gabansa ta ce, "Ma sha Allah. Wannan ai gida ne guda." Na kalli Baba da gefen ido, ina jin na yi nasara. Ta ɗora tafin hannunta a jikinsa, ta shafa. Bakin jirgin ya kai mata ƙirji. Dillali ya yi sauri ya jawo wani ɗan tsani na ƙarfe mai hawa uku ya jingina. "Bismillah, Hajiya, shiga ki ji kujerun."

Inna ta kalli tsanin. Ta kama shi da hannu ɗaya, ta ɗaga ƙafar dama kaɗan, ta mayar. Ta yi murmushi irin wanda take yi wa baƙo in ya zo ana tsakiyar rashin lafiya, ta ce, "Ku shiga ku. Ni na gani daga nan, ya yi kyau ƙwarai. Allah ya yi muku albarka."

Dillali ya ce ai a ruwa zai sauka ƙasa, kuma maza biyu za su iya ɗaga ta su saka. Ban taɓa ganin fuskar Inna ta rufe da sauri kamar lokacin ba. 'Yar mai fito, a ɗauke ta kamar buhun gero a jefa a jirgi, a gaban surukai da jikoki. Ta gyara mayafi ta ce rana ta yi zafi, mu tafi. Baba bai ce da ni ci kanki ba. Da ma ya yi faɗa, da na fi samun sauƙi.

Da muka koma gida na zaunar da ita a kujerarta, na shiga ɗaki na ɗebo mata ruwa. Ina fitowa na ga Baba ya jingine sandarsa a jikin kujerar ya tafi alwala. Na tsaya da kofi a hannu. Zanen allin nan yana daidai da mazaunin kujerar, bai hau ba bai sauka ba.

Sai komai ya warware mini. Kujerar nan ita ce tsayin da Inna ke iya zama a kai ta kuma tashi da kanta, ba tare da an kama ta ba. Baba ya auna, ya zana a sanda, ya tafi da awon filin dillali. Ba kyau ya je dubawa ba, ba yawan kujeru ba. Bakin jirgin da zai yi daidai da kujerar matarsa yake nema, ta zauna a kai ta juya ƙafafunta ciki, yadda mutanen kogi ke shiga jirgi. Kuma ba zai faɗa ba. Tun muna yara ya sha gaya wa yaran shagonsa cewa tela ba ya faɗar awon mutum da ƙarfi a gaban jama'a, rubutawa yake yi ya rufe littafi. Balle awon gazawar matarsa, a gaban dillali, a gaban 'yarsa ta fari.

Kunya ta kama ni har cikin ƙashi, tare da wani daɗi da ban san inda zan ajiye shi ba. Na fi shekara arba'in ina kallon mutanen nan biyu, ban taɓa jin ɗaya ya gaya wa ɗaya kalma mai taushi ba. Ashe a jikin sanda ake rubuta ta.

Da ya dawo daga masallaci na same shi a zaure. Na durƙusa na ce, "Baba, ƙaramin ya yi." Ya zauna kan keke, ya gyara tabarau ya ce, "Ai na faɗa miki." Can kuma ya ƙara, "Ki ce ya bar filafilin a ciki."

A bayan a-kori-kura aka kawo shi, maza huɗu suka sauke, ya shige lungunmu kamar don shi aka yi lungun. Babban da ko kwanar farko ba zai sha ba, abin da ni da idona mai son girma ban ma tuna na duba ba. 'Yan majalisa suka zo kallo, ɗaya ya shiga jirgin ya zauna, nan a tsakar gida, yana cewa a tayar, yana sauri. Baba ya yi kwana uku yana ɗinka wa bencunan matasai da ragowar yadi, kowane da launinsa. Ya sayi ƙugiyoyin kamun kifi ma, don kada a ce.

Mun tafi Tiga ranar wata Lahadi da sassafe, mota uku da a-kori-kura. Mama ta je cocin farko ta fito ta same mu a bakin titi da takalmin roba a leda. Da muka isa, ruwan ya kwanta lumui, ba iska. Aka tura jirgin, gabansa a ruwa, gefensa a kan yashi. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin bishiya, aka sauke kuloli, jikoki suka fara rigimar wa zai fara shiga. Baba ya raba gardama da kalma ɗaya: "Manya." Mama ce a inji, tunda ita kaɗai ta iya. Sai Baba, sai ni, sai Inna. Aka ɗaura wa kowa rigar kariya, Inna tana ƙorafin an mai da ita kamar katifa.

Na miƙa hannu zan kama ta. Ta ture hannun a hankali. Ta taka kan yashi da kanta, ta juya baya, ta zauna a bakin jirgin kamar yadda take zama a kujerarta kullum. Ta kama zaninta da hannu ɗaya, ta ɗaga ƙafar hagu ta saka, ta bi da ta dama, ta zame kan benci. Ba wanda ya taɓa ta. Baba yana tsaye a gefe yana kallon wani tsuntsu da babu shi.

Mama ta ja igiya, muka bar gaɓa. Ni da nake ta cika baki, ni ce na ƙanƙame benci da hannu biyu ina karanto duk addu'ar da na sani. Baba ma ya takure a gefe, hularsa ta karkace. Inna ta dube mu ta kwashe da dariya, irin dariyar da na manta tana da ita. "Malam, matsa tsakiya, ka karkatar mana da jirgi. Ke kuma saki bencin nan, ba gudu zai yi ba."

Da muka yi nisa har mutanen gaɓa suka koma ƙanana, ta ce da Mama, "Kashe abin nan, ya cika surutu." Aka kashe. Shiru ya sauka, sai ƙarar ruwa yana taɓa jikin jirgi. Inna ta sunkuya ta jawo filafilin daga ƙarƙashin benci, ta juya shi a hannu, ta ce ya yi nauyi, ba a iya sassaƙa ba. Sannan ta tsoma shi. Ja ɗaya, ja biyu, ta murɗa wuyan hannu, jirgin ya juya ya miƙe kamar an ja shi da zare. Gwiwa ce ta gaza, kafaɗun nan ba su manta komai ba. Mama ta tafa hannu tana cewa, "Hajiya, ashe ba cika baki kike yi mini ba a shago."

Ta yi ta tuƙa mu har ta gaji don kanta. Ta ajiye filafilin a cinya, ta saki hannunta ta gefen jirgi, ya nutse a ruwa har wuyan hannu, awarwaronta suna jiƙewa. Ta daɗe a haka, ido a lumshe. Na kalli hannun, na tuna bakin babban jirgin da ya kai mata ƙirji. Da na yi nasara, ko da an ɗaga ta an saka, daga sama za ta riƙa leƙen ruwan kamar mai kallon rijiya. Hawaye suka zubo mini, na ce iska ce, alhali ba iska.

Can ta buɗe ido ta ce, "Malam, ina kifin?"

Baba ya ce, "Yau ba su fito ba."

Ta ce, "To. Sai mu dawo."

Mun koma, kuma muna komawa duk lokacin da hali ya yi. Da yake huɗu yake ɗauka, sai a yi ta sawu, wasu na ruwa wasu na gindin bishiya suna cin ɗanwake, yini guda ana abu ɗaya. Inna ce kawai ba ta sauka. Ƙugiyoyin Baba suna nan a ledarsu, ko buɗewa ba a yi ba, kuma har yau in 'yan majalisa suka tambayi kifi cewa yake an cinye a hanya.

Bana gwiwar ta ƙara tsanani, tashi daga tsohuwar kujerar ya fara yi mata wuya, aka yi mata wata mai ɗan tsayi. Abin ya dame ni, don na san bakin jirgi ba ya girma. Makon jiya na je gaishe su, na tarar da sandar a jingine a zaure. Zanen alli ya zama biyu, sabon yana sama da tsohon da kamar yatsu uku. Baba yana kan keke, ya kusa manna fuska da allura, yana ɗinka wani dogon matashi mai kauri da igiyoyin ɗaurewa a gefe. Na gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba. Na tambaye shi na mene ne.

Ya ce, "Na kamun kifi ne. Miƙo mini almakashi."